Yadda za ka fayyace liniyariti kafin ka haɗa amfilifaya ko modileta

Babu amfilifayar (na'urar ƙara ƙarfin sigina) da take liniya (abin da ke fita na bin abin da ya shiga daidai gwargwado) haka kawai kamar yadda za ka ce wannan fari ne wancan baƙi, wannan shi ne abu na farko da nake so ɗalibanmu na Samaru da masu gyara na Sabon Gari su cire a ransu. Za ka ga yaro ya rubuta a furojet ɗinsa wai amfilifayata liniya ce, shikenan ya sa aya, ka tambaye shi tsakanin me da me, har zuwa wane ƙarfi, da wane gwaji ka auna, sai ya tsaya yana kallonka. In babu amsar waɗannan tambayoyi ukun toh maganar ba ta da ma'ana. Kuma a modileta, na'urar da ke ɗora saƙo kan igiyar rediyo, abin ya fi rikitarwa, don a can na'urar da ba ta san layi ba ta wani ɓangaren ita ce za a ce maka liniya ce ta wani ɓangaren, kuma duka gaskiya ne.

Mu fara da asalin ma'anar. Sharaɗi biyu ne. Na ɗaya, in ka ninka abin da ka shigar, abin da zai fito ya ninku daidai gwargwado. Na biyu, in ka haɗa sigina biyu ka shigar tare, abin da zai fito ya zama daidai da ka shigar da su ɗaya bayan ɗaya ka tara sakamakon. Ka ɗauki sikelin mai shinkafa a kasuwa, kilo 1 allura ta nuna 1, kilo 2 ta nuna 2, ka ɗora leda biyu tare ta nuna jimillarsu. In kuma tun ba a ɗora komai ba allurar na kan giram 200, toh in ka zana abin a takarda miƙaƙƙen layi za ka samu amma sharaɗin ninki ya karye, kilo 1 zai nuna 1.2, kilo 2 zai nuna 2.2 ba 2.4 ba. Haka amfilifaya mai bayas (wutar DC da aka zaunar da ita a kai tun kafin sigina ta shigo) take, shi ya sa muke aunawa daga inda ta zauna ba daga sifili ba, canjin da ya shiga da canjin da ya fita muke kallo. Sannan kowane sikeli akwai inda allurarsa ke ƙurewa.

A aikace ga yadda za ka gane cikin sauƙi. Ka ba amfilifaya tsantsar sayin, wato igiya mai firikwansi ɗaya tak, na 1 kHz. In liniya ce 1 kHz zai fito, zai iya girma, zai iya ɗan makara, amma ba zai zo da baƙo ba. Da ka ga 2 kHz ko 3 kHz sun leƙo toh an sauka daga layi, waɗannan su ne hamonik. Nan mutane da yawa ke haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Amfilifayar da ke danne bes ko take rage tirebul ba matsalar liniyariti gare ta ba, firikwansi ne ba ta ɗauka daidai, kafasita ko ikwalaiza zai gyara. Amma wadda ta haifo sabon firikwansi a tsakiyar sautinka babu filtar da za ta cire maka shi.

Daga ina lanƙwasar take zuwa

Tiransista kanta ba miƙaƙƙiya ba ce ko kaɗan. A BJT, tiransista mai ƙafa uku da ake kira bes da emita da kolekta, karant ɗin kolekta yana hawa ne da tsalle, duk ƙarin kusan 60 mV tsakanin bes da emita karant ya ninka sau 10. Lambar da ke mulki a nan ita ce VT, wani ƙaramin boltej da ke tafiya da zafi, kusan 26 mV a ɗaki mai matsakaicin zafi, in kuma watan Afrilu ne a Zariya ana digiri 40 ta kai 27 mV. Lissafin da ya kamata ka haddace: hamonik na biyu kusan tsayin siginarka ne a raba da 4 × VT. Wato siginar da kanta ya kai 1 mV kacal a bes tuni ta ba ka kusan kashi 1 cikin 100 na gurɓata, 10 mV kuwa kusan kashi 10. Kaga kenan wanda ya jona makirfon kai tsaye kan tiransista ɗaya ya ɗora kafasita ta tsallake razistar emita don ya samu ninki mai yawa, ninkin zai samu amma muryar liman za ta fito kamar yana mura.

Masu lissafi suna rubuta abin da ke fita kamar haka, y = a1x + a2x² + a3x³, a ci gaba, x shi ne abin da ya shiga, y abin da ya fito. a1 shi ne ninkin da kake nema. a2 ke haifar da hamonik na biyu, yana zuwa ne in sama da ƙasan igiyar ba su samu adalci iri ɗaya ba. a3 ke haifar da na uku, shi kuma in an matse sama da ƙasa tare. Abin lura shi ne in ka ninka sigina sau 2, kason na biyu zai ninka sau 2, kason na uku sau 4. Shi ya sa kayan sauti a wajen biki suke lafiya lau da yamma, dare na yi DJ ya ƙara murɗawa sai ka ji komai ya dagule lokaci ɗaya.

Sai kuma askin kai, wanda shi ba ruwansa da wayon dizayin. Amfilifaya mai ninki 20 a kan wutar ±12 V, ka ba ta 10 mV ta ba ka 200 mV, ka ba ta 500 mV ta ba ka 10 V, ka ba ta 1 V tana son ta ba ka 20 V amma ina za ta samo, sai ta aske kan igiyar wajen 11 V. In ka ci gaba da turawa igiyar ta koma mai kusurwa huɗu, wadda gurɓatarta ta kai kashi 48 cikin 100. Kuma dan Allah a daina ruɗuwa da rubutun kwali. Akwatin da ke cin batirin 12 V, ko an haɗa shi birij, wato amfilifaya biyu na tura lasifika ɗaya daga gefe biyu, a lasifika mai om 4 iyakarsa wat 18 ne na sayin mai tsafta sai dai in akwai abin da ke ɗaga boltej a ciki, amma za ka ga an manna masa 1000W PMPO da jan fenti. Ko a takardar bayanin IC ɗin ka duba da kyau, sau da yawa babbar lambar wat ɗin a kashi 10 na gurɓata aka auna ta.

Gwajin da za ka yi da hannunka

Ba sai kana da na'urar miliyoyi ba in dai sauti ne. Laftof da katin sautinta da manhaja irin Audacity ko REW sun isa ka ga hamonik da idonka, in kuma ba ka haɗa komai ba tukuna LTspice zai lissafa maka da umarnin .four. Ka cire lasifika ka sa razista mai om 8 wadda za ta iya shan zafin, ka rage abin da ke fita da razistoci biyu ya sauko ƙasa da 1 V kafin ya shiga laftof, kuma laftof ɗin ta kasance a kan batirinta, don in kana kan janareta hayaniyar da za ta biyo ta caja sai ta rufe abin da kake nema. In amfilifayar birij ce kada ka kuskura ka jona ɗaya daga wayoyin lasifika da giraun, duka biyun masu rai ne, za ka ji ƙauri.

Ka fara da 1 kHz ƙasa ƙasa, kana ƙarawa kana rubutawa. THD shi ne ka tara ƙarfin duk hamonik ɗin ka gwada da na asalin. Kashi 1 cikin 100 daidai yake da 40 dB ƙasa da asali, 0.1 kuma 60 dB. Kar ka tsaya kan lamba ɗaya, yanayin tafiyarta ke faɗa maka ciwon. In gurɓatar tana hawa a hankali sannan ta yi tsalle, aski ne. In kuwa ta fi yawa lokacin da sautin ke ƙasa, tana raguwa in ka ƙara, ka duba bayas ɗin tiransistocin mafita, alamar suna miƙa wa juna aiki da giɓi ne, kowace na jiran kusan 0.6 V kafin ta farka. A osiloskop za ka ga wata ƴar gargada daidai inda igiyar ke tsallake sifili, ƙarama ce amma kunne ya tsane ta fiye da girmanta. IC ɗin amfilifaya LM358 ta yi suna wajen wannan, ni dai ba na sa ta a hanyar sauti in akwai TL072 ko NE5532 a kusa.

Ka maimaita a 10 kHz ko 20 kHz, don akwai iyakar gudu. Tsohuwar IC ɗin nan 741 tana tafiyar 0.5 V ne a kowane maikurosakan, wanda ke nufin a 20 kHz in kan igiyar ya wuce kusan 4 V sai sayin ya koma kamar haƙoran zarto, alhali a 1 kHz lafiyarta ƙalau.

Amma gwajin da na fi yarda da shi shi ne na sauti biyu, don murya da kiɗa ba sayin ɗaya ba ne. Ka shigar da 19 kHz da 20 kHz masu ƙarfi ɗaya. a2 zai haifo 1 kHz, bambancinsu kenan, a3 kuma ya haifo 18 kHz da 21 kHz. A rediyo waɗannan na ukun su ne bala'in, don hamonik yana faɗawa can nesa filta ta kama shi, su kuwa suna zama ne maƙale da siginarka. 7.100 MHz da 7.101 MHz za su haifi 7.099 da 7.102, wace filta ce za ta shiga tsakaninsu. Kuma a lissafi sun ninka hamonik na uku sau 3, wato kusan 9.5 dB sama da shi.

Daga nan ake samo IP3. Duk 1 dB da ka ƙara, siginarka ta hau 1 dB, su ƴan ukun, wato waɗanda a3 ya haifa, su hau 3 dB, in ka ja layukan biyu a takarda za su haɗu wani wuri da amfilifayar ba za ta taɓa kaiwa ba, sunan wurin IP3. Misali kowane sautin ya fito a 10 dBm (dB da ake aunawa daga 1 mW), ƴan ukun suna -30 dBm, tazara 40, raba biyu 20, ɗora kan 10, IP3 na mafita 30 dBm kenan. Ɗan uwansa P1dB shi ne inda ninki ya faɗi da 1 dB, yawanci kusan 10 dB ƙasa da IP3. Wata dabara, ka rage abin da ke shiga da 1 dB ka gani, in ƴan ukun suka sauka 1 dB kawai maimakon 3 toh ba amfilifayar ke yin su ba, daga na'urar da ke ba ka siginar suka taho.

Maganin lanƙwasa kuwa sananne ne ba sai na daɗe a kai ba. Razista a emita: in karant 1 mA ne, turjiyar cikin emita om 26 ce, ka ƙara om 260, ninki ya faɗi sau 11, gurɓatar ma ta faɗi sau 11 a ƙarfin fita iri ɗaya. Tagwayen tiransista masu kallon juna suna kashe hamonik na biyu, sai sigina ta kai wajen 18 mV kafin na uku ya kai kashi 1. Sai fidbak, wato mayar da wani ɓangare na abin da ya fita ya rage abin da ke shiga, wanda Harold Black na Bell Labs a Amurka ya gano a 1927 lokacin da suke fama da layukan tarho masu nisa, inda amfilifayoyi da yawa ke jere kowace na ƙara tata gurɓatar kan ta baya. Ka sayar da ninki ka sayi tsafta. Sai dai fidbak ba ya ƙirƙirar boltej ɗin da babu, in an kai ga aski ba abin da zai yi maka.

Yanzu modileta, inda ma'anar ke juyewa

In ka ɗauki gwajin da na ba ka a sama ka ɗora wa modileta, duk za su faɗi, don aikinta kenan ta haifo sabon firikwansi. Ka ba ta muryar 1 kHz da ɗan dako, wato igiyar rediyon da ke ɗaukar saƙo, na 1000 kHz, AM za ta ba ka 999 da 1000 da 1001 kHz, 999 da 1001 su ne ƴan gefe. Toh ta yaya ake cewa AM da DSB (ƴan gefe biyu ba ɗan dako) da SSB (ɗan gefe ɗaya kaɗai) liniya ne? Amsar ita ce ƙofa biyu gare ta, ta saƙo da ta ɗan dako, kuma ta ƙofar saƙo kaɗai ake tambayar. Ka ninka muryar, ƴan gefen su ninku. Ka sa murya biyu, kowace ta samu nata ƴan gefen ba tare da sun haifi na uku ba. In ka ga 998 da 1002 alhali 1 kHz kawai ka shigar, nan ne ta karkace.

Ita ƙofar ɗan dako ba wanda ya damu da miƙewarta, hasali ma da gangan ake dukanta da ƙarfi. A IC ɗin modileta MC1496, wadda tsarinta irin wanda ake kira da sunan Barrie Gilbert ne tun aikinsa na 1968, tiransistoci huɗu na sama makunni ne kawai, kunna kashe kunna kashe da gudun ɗan dako, biyun ƙasa su ke ɗaukar saƙo kuma razistar da ke tsakanin emitocinsu ita ke yanke iyakar siginar da za su ɗauka a miƙe. In modiletarka na gurɓata murya can za ka duba, ka ƙara razistar ko ka rage saƙon. Haka tsoffin tiransimitocin AM suke, matakin ƙarshe kilas C ne, mai aiki ƙasa da rabin igiya kawai, wanda bai san liniyariti ba ta fuskar RF, wato siginar rediyon da ke shigarsa, amma tsayin abin da yake fitarwa yana bin boltej ɗin wutar da ake ba shi sau da ƙafa, sai aka ɗora muryar kan wutar. Ta wannan ƙofar liniya ne tsaf.

Gwajinsa a osiloskop yana da daɗin kallo. Ka sa shi a X-Y, muryar a kwance, RF ɗin a tsaye. Wani fasali zai fito mai faɗi a gefe ɗaya tsukakke a ɗayan, kai gefunansa na sama da ƙasa za ka zuba wa ido. In sun miƙe kamar an ja da rula, lafiya. In sun lanƙwasa ta wajen faɗin, matakin ya gaza kaiwa ƙololuwa. In tsukakken gefen ya haɗe ya zama alwatika kana kan kashi 100, in ya fitar da wutsiya ka wuce gona da iri. Zurfin modileshan ɗin kuwa ka cire ƙaramin tsayi daga babba ka raba da jimillarsu, 3 V da 1 V zai ba ka 0.5. Ka tuna a kashi 100 ƙarfin ƙololuwa ya ninka na ɗan dako sau 4, don haka duk amfilifayar da za ta biyo bayan modileta mai wat 5 sai ta iya wat 20 a miƙe. In ba ta iya ba siginar za ta fantsama kan maƙwabta, ga shi tashoshin matsakaicin zango a nahiyarmu tazarar 9 kHz ce kawai tsakaninsu. Duk wannan a kan razistar om 50 za ka yi ba eriya ba, hawa iska sai da lasisi.

FM kuma ta zo da nata salon. A littafi za a ce maka ita ba liniya ba ce, kuma haka ne, sauti ɗaya tak yana haifar da ƴan gefe rututu, sauti biyu su haifi waɗanda babu su in ka gwada su ɗaya ɗaya. Amma duk da haka ana bukatar modiletar FM ta zama liniya, a nan ma'anar ita ce gocewar firikwansi ta bi boltej ɗin saƙo daidai, in 0.5 V ya gusar da 37.5 kHz toh 1 V ya gusar da 75 kHz, iyakar da gidajen rediyon FM ke aiki da ita. Matsalar ita ce barakta dayod ɗin da ake amfani da shi wajen gusar da firikwansi da boltej lanƙwasasshe ne, don haka ka ba shi DC mataki mataki kana rubuta firikwansin, ka zaɓi yankin da ya fi miƙewa ka zauna a tsakiyarsa. In kana da abin kallon sifektiram, ko irin ɗan SDR ɗin nan na USB, akwai gwaji mai kyau. Ɗan dako yana ɓacewa ƙurmus in gocewa ta ninka firikwansin sautin sau 2.405, ya sake ɓacewa a 5.52, sannan 8.65. In ya fara ɓacewa a 100 mV, na biyu ya kamata ya zo wajen 230 mV, na uku wajen 360 mV, in suka kauce ka san akwai lanƙwasa. Ladan da FM ke biyanka shi ne tsayinta ba ya canzawa, saboda haka kilas C zai ɗauke ta ba tare da ɓata saƙo ba.

Wannan shi ke kawo mu ga ciniki tsakanin tsafta da cin wuta. Kilas A iyakarsa kashi 50 in da tiransifoma, kashi 25 in razista ce lodinsa, kilas B kashi 78.5, kuma waɗannan a ƙololuwa ne, da ka ja baya don neman tsafta sai su zube. Siginar 4G tsayinta hawa da sauka yake sosai, ga shi ƙa'idar LTE na son abin da ke zuba a tashar maƙwabta ya yi ƙasa da siginarka da aƙalla 45 dB, kuskuren 64QAM, ɗaya daga salon modileshan ɗinta, kuma kar ya wuce kashi 8. A can ba tsayi kaɗai ake kallo ba, har yadda lokacin igiyar ke gocewa in ƙarfi ya ƙaru. Shi ya sa turakun sabis ɗin da kake gani a Kwangila da hanyar Samaru galibi tsarin amfilifaya na Doherty na 1936 suke amfani da shi, tare da kwamfutar da ke lanƙwasa siginar tun kafin ta shiga, ta ɓangaren da ya saba wa lanƙwasar amfilifayar, su haɗu su miƙe.

In ka zo rubutawa a rahotonka ko za ka faɗa wa kwamitin masallacin da ya ba ka aiki, ga irin yadda za ka sa. Na sauti: THD bai wuce kashi 0.5 ba a 1 kHz da 10 kHz, daga rabin wat zuwa wat 10, lodi om 8, wuta ±18 V. Na SSB: sauti biyu 700 Hz da 1900 Hz, ƴan ukun 30 dB ƙasa da kowane sautin a cikakken ƙarfi, kuma ka faɗa ko da sauti ɗaya ka gwada ko da ƙololuwar, don tsakaninsu akwai 6 dB kuma masu talla sun fi son wadda ta fi kyau a ido. Na FM: gocewa na bin saƙo cikin kashi 1 har zuwa 75 kHz kowane gefe. Sannan ka bar na'urar ta yi aiki ta ɗau zafi sosai ka sake aunawa kafin ka rubuta lambar, don VBE, boltej ɗin tsakanin bes da emita, na sauka kusan 2 mV a duk digiri ɗaya, bayas ɗin da ka saita da sanyin safiya ba shi za ka tarar da azahar ba in tiransistar da ke kula da shi ba ta manne a jikin hitsink ɗin ba.